Ajin da Ya Ba wa Gabas Baya

Mahaifinku ba ya nan, kabarinsa ma ba ya nan. Yana can Agege, cikin Legas, a wata maƙabarta da ko ni da na sa shi da hannuna ba zan iya nuna muku daidai wurin ba yanzu. Abin da ya rage mana nasa a gida shi ne cokalinsa na yaɓe, da katangun da ya gina nan da can cikin ƙauye, da sunan nan da kuka tashi kuka ji ana kiransa da shi: Hamisu Juyi. Nura, jiya ka ce mini bayan girbi za ka tafi ci-rani, kuma ka sake tambayata daga ina sunan ya fito. Safiya, ke ba ki taɓa tambaya ba, amma ina sane da ranar da kika dawo daga rijiya kina kuka saboda shi. To ku zauna. Ni ku bar ni a tsaye, ba na iya daɗewa a kan tabarma, can na koyo wannan.

Jaki ne ya kai mu Legas. Yaya Hamisu yana da wani jaki fari da yake ɗauko masa jar ƙasa daga kududdufi, shi ya ja zuwa kasuwar Rano ya sayar wa wani mutumin Rurum Sabon Gari, abin da aka ba shi ya zama kuɗin motarmu mu biyu. Ya dawo da igiyar a hannu, ya rataye ta a zaure. A lokacin ginin ƙasa ya mutu a hannunsa. Kowa bulo yake so, ko wanda ba shi da na buhun siminti ɗaya sai ya gwammace ya jira. Mutumin da ake zuwa nema tun daga Fammar har Saji ya koma yana wata guda ba wanda ya kira shi ko toshe ramin ɓera.

Innarmu ta ɗaure mana ƙuli-ƙuli da garin kunu. Daga Kibiya zuwa Rano, daga Rano zuwa Kano, daga nan muka hau babbar mota. Ni ina da shekarun da kake da su yanzu, Nura, na gama firamare, ina ganin duk duniya ba wanda ya kai ni sanin boko a gidanmu. Gaskiya ne kuma, don ba wani.

Wani ɗan Saji, Ɗan'azumi, shi yake gadin filin wani kamfani, shi ya shigar da mu. Da aka ce mana kamfanin gini ne, Yaya ya yi murna, ya ce to an zo gida. Muka shiga ba ƙasa, ba yashi, ba bulo ko ɗaya. Ƙarafa ne jere, da wasu faifai masu tsawo kamar ƙofar gareji, kwano ciki kwano waje, soso a tsakiya. Fanel suke ce musu. Ginin gaba ɗaya kuma firifab. Mahaifinku har ya koma ga Allah bai iya faɗar kalmar ba, firfaf yake cewa, kamar tattabara ta tashi. Da ya gaji sai ya sa masa gidan ashana.

Amma fa aikin akwai mamaki. A masana'anta ake yanka komai, ƙofa da ramin ta, taga da ramin ta, kowane fanel da lambarsa. Tirela ta kwaso, a sauke a makaranta inda aka riga aka zuba daɓen siminti. Mu namu mu tsayar da ƙarafa, mu zura fanel, mu ɗaure noti da sufana, mu ɗora rufi. Kwana huɗu aji ya tashi. Mun yi wa makarantun kuɗi, mun yi wa wata jami'a ɗakunan karatu har hawa biyu, wani a kan wani kamar an jera akwatuna. Ana gamawa a ce ku hau mota, wani wurin. A can ban taɓa ganin ɗalibi ya shiga ajin da muka haɗa ba, ko sau ɗaya. Kafin a buɗe mun yi gaba.

Wannan shi ya fi damun Yaya. Shi ya saba ya ɗora tubali layi ɗaya, ya tafi gida, ya bar shi ya sha rana, gobe ya dawo. Ya saba ya ci tuwon sunan yaran da aka haifa a ɗakin da ya gina. Yana ɗaure noti yana mita.

"Ado, wannan gini ne ko ɗinki?"

"Yaya, ana biya dai."

"Ana biya. Gini ba ya jin hannun mai shi, ka ce ana biya."

Duk da mitar, cikin 'yan watanni ya fi kowa. Idonsa ma'auni ne. Ya tsaya nesa ya ce wannan ƙarfen ya karkata, a kawo abin awo a tarar haka ne. Har Injiniya, wani dogo mai gilashi da ba ya dariya, ya ɗora shi a kan mutum shida, ni a cikinsu. Yaya ba ya jin Turanci, ni ne bakinsa, ni ne kuma mai duba takardar zane in gaya masa abin da ke ciki. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Kafin nan bari in ba ku na mai gidan hayarmu, don kada ku ce duk labarin baƙin ciki ne. Wata dattijuwa ce, Iya muke ce mata, ta taɓa zama a Sabon Garin Kano, tana jin Hausa daidai faɗa. Bangon ɗakinmu ya tsage, ƙadangare yana shiga yana fita. Mahaifinku ya kasa haƙuri, ya je inda ake haƙar kwata ya ɗebo jar ƙasa a buhu, ya cuɗa da busasshiyar ciyawa, ya yaɓe tsagar sumul. Iya ta fito ta gani.

"Malam, wa ya shafa mini kashin shanu a bango?"

"Ƙasa ce, Iya. Ƙadangare ke shiga."

"Ƙadangare nawa ne. Bango nawa ne. Kai naka tabarma."

"To in cire?"

Ta sa yatsa ta danna, ta ƙwanƙwasa. Sai ta ce, "Akwai wani a bayan kicin."

Haka ya yaɓe mata gidan kaf, tana zaginsa tana miƙo masa ruwan sanyi.

To, ranar da abin ya faru. An kai mu wata makarantar sakandare a gefen ruwa, aji uku a jere. Injiniya ya sauke mu ranar Alhamis, ya miƙa mini takarda, ya ce yana da wani aiki a Ibadan, sai Litinin. Daɓen dogo ne, gefe ɗaya yana kallon filin makaranta, gefe ɗaya yana kallon katanga, da ɗan lungu tsakani wanda mutum biyu za su iya wucewa. Yadda aka yi ƙarafan, bangon da ke da ƙofofi da manyan tagogi zai zauna a kowane gefe ka sa shi.

Da safe Yaya ya tsaya a kan daɓen ya dubi inda rana ta fito. Ta fito ta kan filin.

"Ado, ƙofofin ina suka ce?"

"Wajen fili, Yaya."

"Gabas ke nan."

"Haka ne."

"Wanda ya zana wannan bai taɓa kwana a ɗaki da damina ba. Wa yake barin ƙofa a gabas? Hadari ya taso ya tarar da baki buɗe? Yara ne fa za su zauna a ciki da littattafai."

Ku kun san abin da yake nufi, don a nan kuka tashi. Hadarinmu daga gabas yake zuwa, da iska a gabansa. Shi ya sa bangon gabas ake fara yi wa makuba, wannan yaɓen na ɓawon ɗorawa mai hana ruwa cin ƙasa, shi ya sa magini na gaske ba ya buɗe ƙofar ɗaki ta can in yana da yadda zai yi. Abin da ubansa ya koya masa ke nan, shi ma daga nasa uban.

Ni kuwa takarda tana hannuna. Na ga alamar da aka yi da jan biro, an ja layi biyu a ƙarƙashi, an rubuta cewa kada a sauya. Na kuma yi wata bakwai a garin, na lura ruwansu ba irin namu ba ne, ta wajen teku yake tasowa, ya yini yana zuba. Na buɗe baki, sai na ga mutum biyar suna kallonmu. A gidanmu ƙane ba ya gyara wa wansa magana a gaban mutane, balle a kan sana'ar gado. Na naɗe takardar na sa a aljihu. Na ce, "Yadda ka ce, Yaya."

Muka juya ginin. Ƙofofi da tagogi suka koma lungu, bayan aji ya kalli fili. Ya ce yara ƙafa gare su, za su zagaya.

Ranar Lahadi da hantsi ruwa ya sauko daga wajen teku, daidai fuskar da muka buɗe masa. Ba a sa gilasan tagogi ba tukuna. A ciki kuwa mun tara kwalayen silin da sababbin tebura. Ya yini yana feshi. Silin ɗin nan ya jiƙe ya zama kamar fura.

Litinin Injiniya ya zo tare da mai makarantar. Matar ta tsaya a fili tana neman ƙofa, ta zagaya, ta dawo, ta ɗora hannu a ka. Injiniya ya yi ta faɗa, ni ina juya wa Yaya da Hausa, ina rage masa zafi. Yaya ya ce in gaya masa saboda hadarin gabas ne. Na faɗa. Ma'aikata suka fashe da dariya, har da waɗanda suka taya mu ɗaurewa. Sai Injiniya ya juyo kaina, ya tambaye ni da Turanci, kai da na ba wa takarda, ba ka ga jan biron ba?

Na ce ban gani ba. Na ce wana ne ya karɓe takardar.

Wannan ban fassara wa mahaifinku ba. Ya tambaye ni me ya ce, na ce faɗan ne dai yake ci gaba.

Kwana biyar muka yi muna kwancewa muna mayarwa. Aka sauke shi daga kan mutum shida, aka mai da shi ɗaukar fanel daga tirela, aikin sababbin zuwa. Aka ba ni wurinsa. Ɗan'azumi ne ya fara cewa Juyi, da wasa, a wajen cin abinci. Sunan ya bi bakin kowa. Ya hau mota ya riga mu zuwa gida, don da sallar layya 'yan Saji suka kawo shi kasuwa, aka ƙara masa gishiri, har ana cewa ya gina makaranta ba ƙofa. Rannan aka faɗa a gabana ni ma na yi dariya. Ya gan ni.

Bai sake mita ba, wannan ya fi tayar mini da hankali. Ya ɗauki fanel a ka cikin ruwa, ya ajiye, ya koma. Ana cikin damina tari ya kama shi, da zazzaɓi. Ya ƙi kwanciya sai da ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. A asibiti, ana gobe zai rasu, bayan azahar, ya kira ni.

"Ado, ranar nan ka ga abin da ke takardar ko?"

Na kawar da kai.

"Na ga fuskarka. Da ka faɗa mini."

"Yaya, a gaban mutane ne."

"Da ka ja ni gefe." Ya yi tari, ya huta. "Ba komai. Ni ma ban tambayi 'yan garin ba. Amma a gida da gaskiyata, ko?"

Na ce da gaskiyarka. Ya ce in kula da ku.

Ban kula da ku ba, kun sani. Na aiko da abin da na samu, amma ƙafata ta ƙi gida. Na bi kamfani Fatakwal, na bi wani Abuja, na koma Ibadan, na haɗa azuzuwan da ban san iyakarsu ba. Wuri ya fara yi mini daɗi sai in ji kamar ana kora ta. Innarmu ta rasu ina kan rufin wata jami'a, a waya aka gaya mini, na sauko na yi alwala na koma na ƙarasa ɗaure kwanon. Ina tsoron in shigo ƙauyen nan a ce mini ƙanen Juyi, in kuma dubi idonku.

Abin da ya dawo da ni kun gan shi da idonku, amma ba ku san abin da ke cikina ba a lokacin. Da ajin makarantarmu ya rushe da damina, yara suka koma gindin darbejiya, 'yan ƙungiyar ƙauye da ke birni suka samo masu taimako, aka ce za a kawo aji biyu na haɗawa. Hedimasta Malam Sabo ya kira ni, ya ce ai ga ɗan gida da ya san aikin. Na ce ina zuwa. Sau biyu ina zuwa tasha ina komawa. Na uku na hau.

Injiniyan da aka turo saurayi ne ɗan birnin Kano, mai ladabi, yana ce mini Baba. Ya shimfiɗa takarda a kan mota, ga Mai unguwa, ga Malam Sabo, ga rabin gari. Na duba. Daɓe biyu ne, kowane aji da nasa, ƙofofi da tagogi duk suna kallon hanya, don masu wucewa su gani. Hanyarmu kuwa kun san inda take. Gabas.

Na ce a raina, Ado yi shiru, ka ɗaure notinka ka koma inda ka fito. Na san abin da za a ce. Sai na hango Safiya cikin 'yan mata, da tulu a ka, ta tsaya kallo.

Na ce, "Injiniya, a juya su."

Wani daga baya ya ce, "To fa, abin gado ne." Aka kwashe da dariya. Mai unguwa ya rufe baki da hannun riga. Malam Sabo ya matso ya ce a hankali, "Malam Ado, don Allah kada ka tayar da tsohon zance, yaran marigayi suna nan."

"Don suna nan na faɗa, Malam."

Na ce wa Injiniya ba zan yi gardama da takarda ba, ya ba ni rabin awa kawai. Na ja shi muka shiga gari a ƙafa, mutane na biye da mu. Na nuna masa bangon gabas na gidan Mai unguwa, yadda ruwa ya cinye shi kamar an yi ta karta, na yamma kuwa lafiya lau. Na nuna masa ɗakin Innarmu, da rumbun Alhaji Bala, da zauren liman, duk ginin mahaifinku, na ce ya nemo mini ƙofa ɗaya a gabas. Ya duba bai samu ba. Muka ƙare a tsohon ajin da ya rushe. Na ce wane bango ne ya fara faɗuwa? Malam Sabo da kansa ya amsa, murya ƙasa-ƙasa, "Mai tagogin. Na wajen hanya."

Injiniya ya koma gefe ya daɗe yana waya. Ya dawo yana sosa ƙeya.

"Baba, sun ce ɗaya dole ya kalli hanya, a nan za a sa allon suna a ɗauki hoto. Ɗayan ka yi yadda ka gani. Amma in an tambaya, kai ka ce."

"Ni na ce. Rubuta sunana a takardar."

Muka haɗa su cikin mako guda, ɗaya yana kallon hanya, ɗaya ya ba ta baya. Duk bazarar nan ba inda na shiga ba a yi mini ba'a ba. A wajen mai shayi cewa suke ajin ya yi fushi da gari. Na so in gudu, Allah ya sani, jakata a ɗaure take. Abin da ya tsayar da ni, ban taɓa ganin ɗalibi a ajin da na haɗa ba, ga shi yanzu kullum da safe ina jin su suna karatu ta cikin fanel.

Hadarin farko na gaske ya taso ranar wata Talata, wajen sha biyun rana, yara ba su tashi ba. Gabas ta yi baƙi, iska ta zo da ƙasa da karare. Na bar gona na ruga da sufana a hannu, ban san me zan yi da ita ba. Na tarar iska ta banke ƙofar ajin hanya ta karya marfin, ruwa yana shiga ta tagogi a kwance, malama tana fito da yara suna rungume da littattafai. Suka zagaya da gudu suka shige ɗayan. Na bi su. Aji biyu a ɗaki ɗaya, wasu a kan tebur wasu a ƙasa, ruwa yana dukan bayan ginin kamar ana sussuka, ba ka jin maganar na kusa da kai. Na shafa daɓen da tafin hannuna. A bushe yake.

Da aka ɗauke, Mai unguwa ya zo da lema, ya leƙa wancan, ya leƙa wannan. Ya ce, "Ashe Hamisu bai yi kuskure ba."

Na ce, "Ya yi, ranka ya daɗe, a can. Ruwansu daban. Amma akwai wanda ya sani ya yi shiru, ya kuma bar shi ya ɗauka shi kaɗai."

Bai gane ba, ban kuma ƙara ba. Ku ne ya kamata ku fara ji, ga shi kun ji yau. Sunan bai tafi ba, ba na jin zai tafi. Yara ma ajin Juyi suke ce wa wancan, suna rububin a sa su a ciki. Da bazara yana da zafi, ba zan ɓoye ba, kuma duk farkon damina sai na bi notinsa ɗaya bayan ɗaya na ƙara ɗaurewa. Na dawo ba gida ba mota, sai sufana da wannan ƙafar da ba ta son zama.

Nura, ba zan hana ka tafiya ba. Ga cokalin mahaifinka, ka sa a jaka. In ka sauka, kafin ka taɓa aikin kowa, ka sami tsohon garin ka tambaye shi ta ina hadarinsu yake tasowa. Abin da na yi wa ubanku kuma, in kun ga za ku iya yafewa, ku yafe, in sai nan gaba, zan jira.

Yanzu ku ɗaga hannu, da ku da duk wanda wannan labari ya isa gare shi. Allah ka ji ƙan Hamisu magini, ɗan Malam Idi magini. Ya yi wa mutane inuwa a duniya, ka yi masa a inda yake. Ruwan da ke sauka a kan kabarinsa, ta ko'ina ya taso, ka sa ya zame masa sanyi da rahama. Ka tsare masu tafiya, ka dawo da su gida da sunansu. Ku ce amin.